Muryar da Aka Ɗora wa Ota

RADIM: Halo? Sashen shirya fim, Radim ne.

BLANKA: Halo, Yaya?

RADIM: Halo? Wa ke magana? A ɗaga murya, layin yana ƙara.

BLANKA: Ni ce, Yaya. Blanka.

RADIM: Wace Hanka?

BLANKA: Blanka! Ƙanwarka.

RADIM: Ah, Auta! Ke ce yau kika kira Prag da kanki? Ina wuni?

BLANKA: Lafiya lau, Yaya. Ina gajiya?

RADIM: Ba gajiya. Ya gida, ya sanyi? An ce ya fara sauka a wajenku.

BLANKA: Ya fara. Hayaƙin kwal ma ya dawo, ko shanya ba ma yi a waje.

RADIM: Garin nan naku dai! Ya Mama? Ya gwiwar tata?

BLANKA: Da sauƙi. Tana hawa bene yanzu, amma sai ta huta a hawa na biyu.

RADIM: Ki ce mata ta sha maganin nan da na aiko, kada ta ajiye shi a kabad tana jiran ranar biki. Ina 'yar taki, amaryata Dita?

BLANKA: Tana gidan reno. Lafiyarta ƙalau.

RADIM: Ta fara surutu?

BLANKA: Har ta fi ni.

RADIM: Ai wannan ba abin wahala ba ne, kujera ma ta fi ki surutu. Ya mijin naki Ota? Ya masana'antar gilashi?

BLANKA: Yana nan. Ya Anti Vilma?

RADIM: Tana nan tana faɗa da mota, Skodar nan ta sake ƙin tashi. Daga ina kike kira ne? Ina jin hayaniya.

BLANKA: Daga gidan waya. Hutun cin abinci na fito.

RADIM: To madalla. Ai na san abin da ya sa kika kira. Kun gani ko? An fara nuna fim ɗin a wajenku ran Asabar. Faɗa mini, silima ta cika?

BLANKA: Ta cika.

RADIM: Na faɗa! A nan Prag layi har ya zagaya kwana. A Brno an ce yara suna shiga sau uku-uku. Auta, fim ɗinmu ne fa, da yaran garinmu, da unguwarmu. Kin ga tagar ɗakin Mama a farko? Ni na sa aka juya kyamara wajen.

BLANKA: Na gani.

RADIM: Shi ke nan? "Na gani"? Ba ko sannu da aiki?

BLANKA: Yaya, wa ya yi maganar nan?

RADIM: Wace magana?

BLANKA: A rumfar waya. Wurin da aka nuna Ota ya riƙe kan waya. Muryar da ke fita ba tasa ba ce.

RADIM: Au, wannan? Haba Auta, ai kowa an ɗora masa murya. Haka ake aikin. Ana ɗaukar hoto a titi, ga ƙarar jirgin tiram, ga iska, ga karnuka, sai a dawo nan a sa 'yan wasa su yi maganar a ɗaki. Yaran nan duk ba wanda ya fito da muryarsa. Na faɗa muku tun a lokacin.

BLANKA: Ka ce za a ɗora murya. Ba ka ce za a sauya magana ba.

RADIM: Halo? Ban ji ba, layin...

BLANKA: Ka ji ni sarai. Ni ce fa a ɗaya ɓangaren ranar, Yaya. Bara da bazara, ranar Talata. Ka ce masa ya shiga rumfa ya riƙe waya ya faɗi duk abin da ya ga dama, kai dai hoton kake so. Shi kuma ba ya iya ƙarya ko ta wasa, sai ya jefa kuɗi, korona ɗaya, ya kira ni a ɗakin wanki na asibiti. Ya ce an kawo takalman yara a kantin bakin kasuwa, layi ya fara tsawo, lamba nawa Dita take sawa. Na ce ashirin. Ya ce ja ko shuɗi. Abin da ya faɗa ke nan, ba ƙari.

RADIM: To, ai...

BLANKA: Ran Asabar ina zaune a silima, hannuna a nasa, sai ga fuskarsa ta cika bango, wani ƙato da muryar 'yan Prag yana cewa: "Ofishin 'yan sanda? Ku zo ɗakin ƙasa na gida mai lamba tara, sun taru, suna kiɗan da aka hana." Daga nan sai motoci. Sai karnuka. Sai duka.

RADIM: Blanka, wannan ba maganar waya ba ce.

BLANKA: Maganar waya ce mana. A waya kuka yi masa ita.

RADIM: Rage murya. Ina ofis, akwai mutane. Kuma ba ki san wa ke kan layi ba.

BLANKA: Su saurara. Ai yanzu mu nasu ne, mijina ɗan rahotonsu ne, duk Cekoslobakiya ta gani.

RADIM: Ke! Fim ne fa. Labari ne. Sunansa ma a ciki ba Ota ba ne.

BLANKA: Labari? Ɗakin ƙasan da kuka ɗauka ba shi ne ainihin wanda aka kama abokan Ota a ciki ba? Gida mai lamba tara, ko lambar ba ku sauya ba. Jaket ɗin da mawaƙin fim ɗin ya sa ba na Dalibor ba ne, shi ya ara muku da hannunsa? Dalibor da ya yi wata goma sha huɗu a kurkuku saboda kiɗan ranar, ya fito babu haƙora uku? Har karen da ke haushi a bakin shara namu ne na unguwa. Komai gaskiya kuka ɗauka, Yaya. Sai wuri ɗaya kuka sa ƙarya, kuka sa ta a bakin mijina. Ta yaya mutane za su gane inda gaskiya ta ƙare?

RADIM: Ai kowa ya san muryar ba tasa ba ce.

BLANKA: Sun sani. Cewa suke yi 'yan Prag sun ga takardu. Wai ku kun san wanda ya kai rahoto, shi ya sa kuka zaɓe shi, kuka faɗa wa gari a fakaice. Shekara biyu da rabi ana tambayar wa ya kira 'yan sanda ranar, yanzu kun ba su amsa.

RADIM: Wannan ai hauka ne. Ota ne ɗan gangar ƙungiyar kiɗansu. Tare suka tashi.

BLANKA: Ɗan gangar da ba ya wurin ranar da aka yi kamen. Ka manta? Yana tsaye a ƙarƙashin tagar asibiti cikin dusar ƙanƙara, ina haihuwar Dita. Shi kaɗai ne ba a daka ba. Shi kaɗai ne kuma ya aske gashi, don Mama ta ce ango mai dogon gashi ba zai shiga hoton aurenmu ba. Da can wasa ake masa da wannan. Yanzu sun haɗa ɗaya da ɗaya.

RADIM: Wa ya faɗa miki ana cewa haka? Ke dai kin cika sa abu a rai.

BLANKA: Ba wanda ya faɗa mini. Ba wanda ke mini magana ma balle ya faɗa. Da aka kunna fitila a silima, layinmu duk aka fita ta ɗaya gefen, ba wanda ya bi ta gabanmu. Ran Litinin na je sayen burodi wajen maman Dalibor. Matar da take ɓoye wa Dita lemo a ƙarƙashin kanta duk Kirsimeti. Ta juya ta ɗauko burodin jiya ta ajiye, idonta a kan matar da ke bayana. Na ɗauka na ce na gode.

RADIM: Kai...

BLANKA: A masana'anta, ya ajiye farantinsa a teburin da yake ci shekara shida, mutum biyar suka tashi da miyarsu. Jiya ya buɗe akwatin kayansa ya tarar an sa masa wayar wasan yara, ja, irin ta roba. Ya dawo gida leɓensa a fashe. Wai santsi ya kwashe shi a matakala.

RADIM: Wataƙila santsin ne.

BLANKA: Santsi ba ya yage maɓallin riga biyu, Yaya. Ni na ɗinke su.

RADIM: Shi me ya ce?

BLANKA: Ota? Tun Asabar kalmominsa ba su wuce goma ba. Yana dawowa sai ya wuce bayan gida wajen zomaye ya zauna. Dita ta kai masa cokula biyu ya buga mata a kan tukunya yadda ya saba, ya karɓa ya mayar cikin aljihun tebur.

RADIM: Dalibor fa? Ai shi mai hankali ne. Shi ne abokin ango a bikinku.

BLANKA: Ya gan mu a tashar bas ya tsallaka titi. Bai yi zagi ba. Da ma zagin ya yi.

RADIM: To ki saurare ni, ki bar ni in gama, kada ki katse ni. Kin san irin fim ɗin da ake yi a kan matasa shekara ashirin a ƙasar nan? Yara masu jan ƙyalle a wuya, suna tonon dankali a gonar gwamnati suna waƙa, haƙora farare. Kin taɓa ganin irinsu a unguwarmu? Mu ne na farko da muka nuna su yadda suke. Zaune a matakala ba abin yi. Suna shaƙar sholisho a bayan makaranta. Uba yana wajen giya, uwa tana aikin dare. Mun nuna ana dukansu saboda jita, Auta, a bangon silima, da kuɗin gwamnati! Kin san wasiƙu nawa muke samu? Wata yarinya daga Ostrava ta rubuto ta ce karo na farko ke nan da ta ga kanta.

BLANKA: Ni ma na ga mijina. Ban gane shi ba.

RADIM: Na ce kada ki katse ni. Kwamitin tacewa sau uku suna kallo. Tsofaffi bakwai, ɗaya ma barci yake yi. Suka ce, "Kwamared, ina matashi nagari? Duk fim ɗin babu ko ɗaya da ya dawo hanya?" Suka ce ko a samo shi, ko a kulle fim ɗin a akwatin ƙarfe. Kin san akwai waɗanda suke kulle tun ina firamare? Aikin mutum sittin, shekara biyu. Ba halin komawa a sake ɗauka. Dole a nemo a cikin abin da ke hannu.

BLANKA: Sai aka nemo Ota.

RADIM: Sakan arba'in ne kawai. Sakan arba'in muka ba su, muka tsira da minti casa'in na gaskiya.

BLANKA: Kuka ba su. Naku ne da za ku bayar?

RADIM: Ki gane mana...

BLANKA: Wa ya tuna da hoton?

RADIM: Me?

BLANKA: Daraktanku bai san sunan Ota ba, "kai mai gajeren gashi" yake ce masa. Ranar rumfar waya ma ba ya nan, ya tafi cin abinci da shugaban gunduma, kai ka tsaya bayan kyamara. Ota ya ba ni labari. To wa ya tuna akwai wannan hoton?

RADIM: Aiki ne na mutane da yawa, ba za ki...

BLANKA: Yaya Radim. Wa?

RADIM: Halo? Halo, kina ji na?

BLANKA: Layin lafiyarsa ƙalau. Numfashinka ma ina ji.

RADIM: Ni ne. Ni na ce akwai shi. An ɗauke shi ta gefe, ta cikin gilashi, ba a ganin leɓe sosai, ko me aka ɗora zai zauna. Gashinsa a aske, fuskarsa ta mutumin kirki. Ya dace. Wallahi ban kawo garinmu a raina ba, Auta. Fim ɗin kawai nake gani. Kwana uku ban runtsa ba lokacin.

BLANKA: Ka san ba ya wurin ranar kamen.

RADIM: Na sani, amma...

BLANKA: Kai ka kawo mini furanni asibiti washegari. Kai ka ce, "Ota ya yi sa'a, 'yarsa ta cece shi." Ka sani. Ka zauna a kicin ɗina, ka ci naman alade da kabeji faranti biyu, ka miƙa masa takarda ya sa hannu bai ko karanta ba, don kai ne. Ya ce, "In Radim ne ai ba sai na karanta ba." Kuma tun yaushe aka ɗora muryar?

RADIM: Tun watan uku.

BLANKA: Watan uku. Ka zo bikin Ista. Ka zo bikin haihuwar Mama. Ka ɗauki Dita a wuya kuka je tsintar naman kaza a daji, kai da shi, wuni guda. Wata bakwai kana kallonsa, ka bar shi ya saka farar rigarsa ya je silima, ya saya wa maƙwabta tikiti huɗu.

RADIM: Na so in faɗa. Duk lokacin da na buɗe baki sai...

BLANKA: Ni ce mai kunya a gidanmu, Yaya, ba kai ba. Kada ka ara.

RADIM: To na ji. Na yi kuskure, na amsa. Yanzu bari mu nemi mafita. Ki saurara. Ana neman mai tuƙa motar fitilu a nan. Zan yi magana, Ota ya dawo Prag. Ku zauna wajenmu kafin a samu ɗaki, Vilma ba za ta ƙi ba.

BLANKA: Mu gudu?

RADIM: Ba gudu ba ne, canjin...

BLANKA: A ce ga shi nan, an biya shi ladansa, an ba shi aiki a Prag. Kai ba ka san garinmu ba ne ko ka manta? Mama kuma mu bar ta ta riƙa sayen burodin jiya?

RADIM: To zan rubuta wa Dalibor wasiƙa. In bayyana masa komai.

BLANKA: Da sa hannunka?

RADIM: Ai zai gane rubutuna.

BLANKA: Da sa hannunka, Yaya? Da sunan kwamitin, da abin da suka ce?

RADIM: Kin san ana buɗe wasiƙu. Musamman nasa.

BLANKA: To takardar da ba suna me za ta yi? A ce Ota ne ya rubuta wa kansa.

RADIM: Ki ba shi lokaci. Mutane suna mantuwa. Nan da Kirsimeti wani fim ya fito. Abubuwa ma suna sauyawa, ba ki ji yadda gwamnati ta fara sassautawa a Mosko ba? Shekara ɗaya, biyu, sai a faɗi komai a fili.

BLANKA: Gobe da ƙarfe shida zai koma masana'antar nan. Kusa da tanda yake aiki, da mutanen da suka fasa masa baki. Ka ce in jira Mosko?

RADIM: To me kike so in yi? Faɗa mini! In hau rufin gida in yi ihu?

BLANKA: Ba sai ka hau rufi ba. Dandamali ya isa. Jibi Juma'a.

RADIM: Wa ya... wa ya faɗa miki?

BLANKA: An manna takarda a ƙofar gidan al'adu tun jiya. Tawagar masu fim za ta zo, a nuna shi, a yi tattaunawa da jama'a bayan an gama. Sunanka ne na uku. "Ɗan garinmu." Har da layi a ƙarƙashi. Tun ɗazu kake tambayar gwiwar Mama, ba ka ce kana tafe ba.

RADIM: Na so in ba ku mamaki.

BLANKA: Ka ba mu tun Asabar. Abu ɗaya nake roƙo. In an miƙa maka makirfo, ka ce wa mutane: wannan mutumin takalmin 'yarsa yake tambaya, mu muka sa masa maganar, bai san komai ba. Shi ke nan. Ko minti ɗaya ba zai kai ba.

RADIM: A gaban sakataren jam'iyya na gunduma? A gaban 'yan jarida? Kin san me kike cewa? In na faɗi haka, tambaya ta gaba ita ce me ya sa. Kuma kowa a zauren zai gane me ya sa. Kafin Litinin an janye fim ɗin daga ko'ina. Ni kuma in koma ɗumama tukunyar ruwan zafi a wani gidan bene, kamar sauran da suka buɗe baki. Ina da 'ya'ya biyu, Auta. Babban zai nemi sakandare baɗi, kin san ana duba takardar uba.

BLANKA: Dita ma tana da uba.

RADIM: Ba zan iya ba. Ki yi haƙuri. Komai zan yi ban da wannan.

BLANKA: To.

RADIM: Kuma ki sani, tattaunawar nan ba yadda kike zato ba ce. Ba wanda ke ɗaga hannu haka kawai. Tambayoyin a rubuce suke, ana raba wa mutanen da aka yarda da su tun kafin ranar, mu ma an ba mu amsoshin. Wasan kwaikwayo ne na biyu bayan na farko.

BLANKA: Na sani. Tawa tana cikin jakata.

RADIM: Taki me?

BLANKA: Tambayata. Sakataren ƙungiyar matasa ya zo ɗakin wanki da safen nan, da ƙaramin fayil ɗinsa. Ya ce gunduma tana alfahari da mu. Za a kira Ota dandamali a ba shi furanni da takardar yabo, matashi abin koyi. A gaban gari, Yaya. Furanni. Ka ga in ya karɓi wannan ai an gama binne shi.

RADIM: Wayyo. Ban san da wannan ba, na rantse.

BLANKA: Ni kuma aka ba ni tambaya ta biyu. Tsaya in karanta maka. "A matsayina na matashiyar uwa, wane darasi wannan fim yake koya wa sababbin iyalai?" Ya ce in haddace, kada in riƙa kallon takarda, ya fi kyau a hoto. Ya ce sun zaɓe ni ne don an san ni ba ni da fitina.

RADIM: Blanka. Me kike shirin yi?

BLANKA: Za a kira sunana. Za a kawo mini makirfo har inda nake zaune.

RADIM: A'a. A'a, a'a. Ke? Ke da malama ta kira ki allo kika fashe da kuka? Ke da a ranar aurenki sai da magatakarda ya ce ki maimaita "na yarda" don bai ji ba?

BLANKA: Ni ɗin. Tun ɗazu nake gwadawa a bayan injin wanki, inda ƙara take rufe murya. Sau biyu na yi kuskure. Na uku ya fita daidai.

RADIM: Za su kore ki daga asibiti. Za su cire Dita daga gidan reno. Ba ki san mutanen nan ba!

BLANKA: Na san na masana'anta. Su na fi tsoro yanzu.

RADIM: Ota ya sani?

BLANKA: Da ya sani da ya kulle ni a ɗaki. Har yanzu cewa yake wataƙila ba da saninka aka yi ba. Cikin kalmomi goman nan da ya yi, biyar naka ne, yana kare ka.

RADIM: Don Allah ki tsaya ki yi tunani. Yaran da ke rubuto mana wasiƙu fa? Ki kashe musu fim ɗin da suka jira shekara ashirin?

BLANKA: Ban yi karatu kamar ku ba, Yaya, aji tara na tsaya. Amma in fim ɗin gaskiya ne kamar yadda kake faɗa, ai zai iya ɗaukar ƙarin gaskiya guda ɗaya. In kuma ba zai iya ba, ban san me yaran suke gani a ciki ba.

RADIM: Ba haka abin yake tafiya ba!

BLANKA: To ga yadda zai tafi. Kai za ka fara magana kafin tambayoyi, an rubuta a takardar, "jawabin ɗan gari". In ka faɗa da bakinka, yadda ka ga zai fi maka sauƙi, ko ka ce kuskuren aiki ne, ko ka ce laifinka ne kai kaɗai, ba ruwana da kwamiti, to in aka zo kaina zan miƙe in karanta musu darasin sababbin iyalai, in zauna. In ba ka faɗa ba, zan tambaye ka.

RADIM: Ki tambaye ni me?

BLANKA: "Kwamared Radim, me mijina ya faɗa a cikin rumfar nan, kuma wa ya sauya?"

RADIM: Za su kashe makirfon.

BLANKA: Zauren ba shi da girma. Maman Dalibor a layi na uku take zama kullum, saboda idonta.

RADIM: Idan na ce ban sani ba fa? Idan na ce abin da ya faɗa ke nan, matarsa ce ta ruɗe? Wa za a yarda da shi, ni ko ke?

BLANKA: Kai, mana. Kai ne ɗan garinmu mai layi a ƙarƙashin suna.

RADIM: To kin gani...

BLANKA: Sai dai ka faɗe ta kana kallona. Layin gaba suka ba mu, kujera ta huɗu daga hagu, daidai gaban teburinku. Na je na duba.

RADIM: Auta, ki saurare ni, ni ne fa. Bari in zo gobe da daddare mu zauna, ni da ke, mu...

BLANKA: Hutuna ya ƙare, zannuwa suna jirana. Ka gaida Anti Vilma da yara. Sai Juma'a, Yaya.

RADIM: Tsaya! Kada ki ajiye. Blanka, idan na ce laifina ne ni kaɗai, kina ganin Dalibor zai... Halo? Blanka? Halo?